Tsagar da Mai Saye Ba Ya Gani

Aikin ƙarfe ba baƙo ba ne a Kudancin Kaduna. Ƙauyen Nok na ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka tono gunkin yumɓu a 1928, shi ya ba da sunansa ga wata tsohuwar al'umma wadda ta narka tama a wurare irin su Taruga ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Almasihu. Maƙerin Zonkwa na yau kuwa ba ya narka tama. Tsohon sifirin mota yake saye, ya mai da shi wuƙa ko adda. A ƙarshen aikin nan ne wata tambaya take jiransa.

In an gama dukan wuƙa a kan uwar maƙera, ba ta da taurin riƙe kaifi tukuna. Sai a zuga wuta har ƙarfen ya yi ja, wajen digiri 800, inda maganaɗisu yake daina kama shi, sa'an nan a tsoma shi cikin ruwa ko mai. Bakin wuƙa siriri ne, nan da nan yake hucewa ya taurare, gadon bayanta mai kauri kuwa yana da zafi har yanzu. Wannan gefe ya ja, wancan ya ja. Idan wuta ta yi yawa, ko sanyin ruwa ya zo da gaggawa, ko kuma sifirin ya riga ya gaji a kan hanya, sai a ji ƙas! Ƙarfe ya tsage. Sau da yawa tsagar ba ta fi silin gashi ba, dutsen wāshi ma yakan ɓatar da ita ga ido.

To, maƙeri ya sani, mai saye bai sani ba, bai kuwa tambaya ba. Shirun maƙeri ƙarya ne?

Kada a yi saurin yanke masa hukunci. Ya ƙone gawayi, ya biya yaron zugazugi, ya ɓata wuni, mai yiwuwa kuma laifin na tsohon ƙarfe ne, ba na hannunsa ba. Ga al'adar kasuwa ma tana bayansa, gama kowa da idonsa yake ciniki. Cicero, masanin Roma, ya rubuta irin wannan gardama a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu, game da mai sayar da gida wanda ya san aibinsa. Ya kawo hujjar masu cewa yin shiru dabam, ɓoyewa dabam, amma shi kansa ya tsaya a kan cewa shirun da aka yi domin riba ɓoyewa ne.

Toma Akwinas, a ƙarni na 13, ya fi rarrabewa. A ganinsa aibin da yake a fili, kamar doki mai ido ɗaya, ba dole a yi shelarsa ba, muddin an rage kuɗin. Amma ɓoyayyen aibi wanda zai jawo hasara ko haɗari, wajibi ne a faɗa. Tsagar wuƙa tana cikin kashi na biyu sarai. Ba a maƙera za ta karye ba. Za ta karye ran da mace take sarar ƙashi a madafa, yara suna kewaye da ita, ko a hannun manomi a gonar citta. Rashin laifin maƙeri a kan tsagewar ba ya ba shi ikon ɗora hasarar a kan wanda bai ji ƙarar ba. Rage kuɗi a ɓoye ma bai isa ba, domin mai saye ba rahusa yake bukata ba, sani yake bukata.

Mafita ba ta da wuya in tsagar ta bayyana: a yanke wurin, a fitar da gajeriyar wuƙa, ko a mai da ƙarfen wani abin da ba ya ɗaukar duka.

Inda magana ta yi nauyi shi ne lokacin da maƙeri ya ji kamar ƙara a cikin ruwa, ya duba, bai ga kome ba. Zato ne kawai. Zai iya ƙwanƙwasa wuƙar ya saurara, gama lafiyayyen ƙarfe yana amo mai tsawo, tsagagge kuwa muryarsa a dushe take. Amma wannan gwaji yana ga wanda ya so ya yi shi. Wanda ya ƙi ƙwanƙwasawa don kada ya ji abin da yake tsoro, ya riga ya san rabin amsar tun kafin ya sa wa wuƙar ƙota.