Tuban Dole da Darajarsa: Shari'ar Miguel Hernández

Daga cikin tambayoyin da malaman addini da masana falsafa suka daɗe suna kai-kawo a kansu akwai wadda ta shafi kalmar da aka karɓa daga bakin mutum alhali yana hannun wanda ya fi ƙarfinsa: shin tana da wata daraja, kuma shin wanda ya ƙi furta ta, har ƙin ya kai shi kushewa ya bar iyalinsa cikin yunwa, ya cancanci yabo ne ko zargi? Shekaru uku na ƙarshe a rayuwar Miguel Hernández, sha'irin ƙasar Sifaniya wanda ya rasu a gidan yarin Alicante ranar 28 ga Maris, 1942, sun fito da tambayar fili, domin abubuwa biyu aka nema daga gare shi, ya bayar da ɗaya ya hana ɗaya.

An haifi Hernández a 1910 a Orihuela, garin da coci-coci da makarantun addini suka yi wa ƙawanya, kuma ya yi karatu a makarantar limaman Jesuit, wato ƙungiyar malaman Katolika da ta shahara wajen koyarwa, kafin mahaifinsa ya cire shi a 1925 ya mayar da shi kiwon awaki. Babban amininsa na ƙuruciya, Ramón Sijé, mai tsananin riƙon Katolika ne, kuma wani babban limamin garin, Luis Almarcha, shi ne ya riƙa ara masa littattafai, ya kuma ɗauki nauyin buga diwaninsa na farko, Perito en lunas, a 1933. Shekara guda bayan haka ya wallafa wasan kwaikwayo na addini irin wanda a da ake yi don ɗaukaka jibin Ubangiji. Saboda haka lokacin da ya zauna a Madrid, ya haɗu da sha'irai Pablo Neruda da Vicente Aleixandre, ya ja baya daga coci, sannan ya shiga jam'iyyar Kwaminis da rundunar Jamhuriya bayan ɓarkewar yaƙin basasa a 1936, mutanen garinsu ba su ɗauke shi a matsayin baƙon abokin gaba ba. Ɗan gida ne da ya bijire, kuma hukuncin ɗan gida ya fi tsanani.

Ba za a fahimci zafin zukatan limaman wancan zamani ba sai an tuna cewa an kashe kusan limamai da masu hidimar coci 6,800 a yankin da Jamhuriya ke riƙe da shi, kuma surukin Hernández kansa, wanda jandarma ne, mayaƙan sa-kai na ɓangaren Jamhuriya ne suka kashe shi a 1936. A 1937 mafi yawan bishop-bishop na ƙasar suka fitar da wasiƙar haɗin gwiwa ta goyon bayan Janar Franco, jagoran ɓangaren da ke yaƙar Jamhuriya, sannan a 1938 aka kafa tsarin fansar hukunci ta hanyar aiki, wanda wani limamin Jesuit, Pérez del Pulgar, ya shimfiɗa masa tushe, inda ake kallon fursunan siyasa a matsayin mai zunubi da kurkuku za ta tsarkake. A cikin wannan tsari Hernández ya faɗa, bayan 'yan sandan Fotugal sun kama shi a 1939 sun miƙa shi ga Sifaniya. An yanke masa hukuncin kisa a Janairun 1940, aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 30 da sa bakin irin su marubuci José María de Cossío, aka yi ta yawo da shi daga Madrid zuwa Palencia da Ocaña, har Alicante inda tarin fuka ya kama shi. Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa an sha nuna masa cewa ƙofa za ta buɗe idan ya janye abin da ya rubuta ya yi mubaya'a ga sabuwar gwamnatin Franco, kuma shi kansa Almarcha ya ɗaura taimakonsa a kan komawar sha'irin ga coci.

Abin da limaman suka yi yana da madogara a tauhidinsu, ko da yake madogara ce mai rauni. Thomas Aquinas, wanda ya fi kowa tasiri a ilmin tauhidin Katolika, ya tabbatar da cewa imani aikin son rai ne, don haka ba a tilasta wa wanda bai taɓa karɓarsa ba, amma ya keɓe wanda ya karɓa sannan ya fita, yana mai cewa shi ana iya matsa masa ya cika alkawarin da ya ɗauka. Raunin hujjar shi ne abin da John Locke ya bayyana a wasiƙarsa ta 1689 kan haƙuri da bambancin addini, cewa azaba tana iya juya harshe amma ba ta da hanyar shiga wurin da yaƙini yake zaune. Waɗanda suka tsare Hernández ba jahilai ba ne da za a ce wannan ya ɓace musu, kuma a nan ne ainihin lamarin yake: ba zuciyarsa suke nema ba, sa hannunsa suke nema. Mutumin da ya rubuta Viento del pueblo a 1937, wanda aka riƙa karanta waƙoƙinsa a ramukan fagen daga, idan ya fito ya ce ɓata ya yi, to shaida ce da za a nuna wa dubban fursunoni da iyalansu cewa waɗanda suka mutu a banza suka mutu.

Fiƙihun Musulunci yana da rabe-raben da ke haskaka wannan wuri, ko da yake aƙidar da Hernández ya tsaya a kanta ba ta da alaƙa da shi. Malamai sun bambanta rukhsa, wato sassaucin da shari'a ta yi wa wanda aka tilasta, kamar yadda aka yi wa Ammar ɗan Yasir uzuri bayan azabar da ya sha a Makka, da azima, wato tsayawa a kan asalin hukunci duk da wahala. Sun kuma lura cewa nauyin bai zama ɗaya a kan kowa ba, shi ya sa ake bayyana dagewar Imam Ahmad ɗan Hambali a fitinar halittar Alƙur'ani da cewa shi abin koyi ne, maganarsa ba tasa ba ce shi kaɗai. Da wannan ma'auni, manomin da ya sa hannu don ya koma ga 'ya'yansa ba a zarginsa da komai, amma sa hannun sha'iri ƙarya ce da za ta ci gaba da aiki a kan wasu bayan shi ya samu sauƙi.

Sai dai hujjar ba ta share hawayen Josefina Manresa, matar Hernández, ba, kuma masu yabon juriyar mijinta sukan wuce wannan da gaggawa. Ɗansu na fari ya rasu a 1938 bai cika shekara ba, na biyu kuwa an haife shi a Janairun 1939, kuma wasiƙar da ta aika wa mijin cewa burodi da albasa kaɗai take ci tana shayarwa ita ce ta haifar da shahararriyar waƙarsa ta renon jariri, Nanas de la cebolla. Mutum yana da ikon sadaukar da ransa, amma ikonsa a kan abincin jaririn da ba a shawarce shi ba abu ne mai wuyar tabbatarwa, kuma iyakar abin da za a iya faɗa shi ne cewa alhakin yunwar yana wuyan wanda ya gindaya sharaɗin kafin ya kai ga wanda ya ƙi cika shi.

Abin da ke nuna cewa ƙin nasa ba taurin kai zalla ba ne shi ne abin da ya amince da shi. Ya auri Josefina a gaban hukuma a Maris na 1937, amma gwamnatin Franco ta soke dokar irin wannan aure, ta yadda matarsa ba ta da cikakken matsayin mata a idon hukuma. Ranar 4 ga Maris, 1942, a ɗakin jinya na gidan yarin, ya yarda limami ya ɗaura musu aure bisa ƙa'idar coci, abin da ya daɗe yana ƙi. Auren bai ƙaryata kowa ba, bai ci amanar wani mamaci ba, domin gaskiyar da aka tabbatar a cikinsa, cewa ita matarsa ce, gaskiya ce tun farko; abin da ya rasa kawai shi ne girman kansa, kuma wannan nasa ne da yake da ikon bayarwa. Izinin mayar da shi asibitin masu tarin fuka na Porta Coeli a Valencia ya iso bayan jikinsa ya wuce ɗaukar tafiya, ya rasu yana da shekara 31.

Cocin Katolika da kanta ta sauya matsayi a 1965, lokacin da Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar da sanarwar Dignitatis humanae, wadda ta tabbatar da cewa babu wani iko na ɗan Adam da ke da haƙƙin tilasta wa mutum a sha'anin addini, lamarin da ya sa gwamnatin Franco ta kafa dokar 'yancin addini a 1967 ba don tana so ba. A lokacin Luis Almarcha yana bishop na León, muƙamin da ya riƙe daga 1944 zuwa 1970.