Ko Biyan Kuɗi Ya Isa?

Ya kai uba mai karanta wannan 'yar takarda, ga tambaya guda a gabanka: kadan ka saya wa ɗanka littafi da alƙalami, ka ɗinka masa rigar makaranta, ka sauke nauyinsa ke nan?

Mutane da yawa suna tsammani haka ne. Sukan ce, "Reno na uwa ne, koyarwa ta malam ce, nawa kuwa neman abinci." Amma ka dubi manomi. Ko ya ɗauki 'yan ƙodago ya biya su, ba ya kwanciya a zaure yana jiran kaka. Yakan zaga gonarsa domin ya ga inda ciyawa ta tsiro. Ashe ɗanka bai fi gonar gero daraja ba?

A shekarar 1976 gwamnatin Nijeriya ta buɗe karatun firamare kyauta ga dukan yara. A 2004 kuma doka ta mai da karatun shekara 9 na fari tilas, ta ɗora wa iyaye alhakin kai 'ya'yansu. Lalle doka tana iya kai yaro bakin aji, amma ba ta iya dasa masa son karatu a zuciya. Wannan daga gida ya ke fitowa, gama yaro yakan girmama abin da ya ga ubansa yana girmamawa.

Domin haka, ka san malamin ɗanka ido da ido. Ka je ka gaishe shi tun babu laifi, kada ya fara ganin fuskarka ran kai ƙara. Sa'ad da aka kira taron iyaye da malamai, ka tafi da ƙafarka, ka ji abin da makaranta ta rasa, ka sa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da maraice kuma ka zaunar da yaron kusa da kai, ya karanta maka abin da ya koya. Abin da ka yi wa ɗanka, ka yi wa 'yarka.

Watakila za ka ce, "Ni ban iya karatu ba." Ka dai saurara, ka tambaye shi ma'anar abin da ya karanta, ka yaba masa. Ko kuwa za ka ce ba ka da sarari? Lokacin da ka ke ba hira a dandali, ka gutsura masa kaɗan daga ciki. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Gobe da safe ka kama hannunsa, ka raka shi har ƙofar makaranta.