Fasali a kan Husufin Rana da Ilmin Hisabi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, almajiri kake ko falke, ka sani akwai masu cewa wanda ya faɗi ranar husufi tun bai auku ba ya yi da'awar sanin gaibu. Wannan zance kuskure ne. Husufin rana sababinsa sananne ne: wata ke shiga tsakaninmu da rana, inuwarsa ta faɗo bisa ƙasa. Allah kuwa ya sanya wa tafiyarsu ƙa'ida, har irin husufin yakan komo bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11. Mutanen Gusau da Katsina sun ga duhu da hantsi ran 29 ga Maris 2006, irinsa ya sauka Amurka ran 8 ga Afrilu 2024. Kai ma ƙirga ka gani.

Imamu Gazali, wanda ya rasu shekarar 505 ta Hijira, ya yi gargaɗi cikin Tahafutul Falasifa cewa mai ƙaryata wannan lissafi da sunan addini, addinin yake cutarwa. Domin mai hisabi ba zai bar abin da ya tabbatar ba, sai dai ya shiga shakkar addinin da aka ce ya saɓa masa. Yaranmu masu karatun boko su ne wannan cuta ta fi kamawa.

Amma hisabi yana da iyaka. Kai da ke kasuwa ka san sikeli yana faɗin nauyin gyaɗa, ba ya faɗin haramcin tauye awo. Wannan daga wahayi ka samo shi. Haka ranar da Ibrahimu ɗan Manzon Allah ya rasu, shekara ta 10 ta Hijira, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda mutuwarsa ne. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya kore wannan zato, alhali girmama ɗansa ake yi da shi, ya umarce su da salla da addu'a. Ya rushe camfi, tafiyar taurari kuwa bai zo koyar da ita ba.

To, idan masu hisabi suka ba da sanarwa, karɓi rana da sa'a daga gare su. Hana yara kiɗan gwangwani da kallon rana da ido tsirara, domin tana ƙona gani. Sannan ku tafi masallaci, raka'a 2, kowace da ruku'u 2.

Wallahu a'alamu.