Ku Bar Yaro Ya Yi Alkafura, Ku Koya Masa Turanci

'Ya'yana na Kaikai da sauran garuruwan ƙasar Kusada da Kankiya. Da ku nake, samarin jiya da Allah Ya mai da ku magidanta, da ku 'yan matan jiya da yau kuke da goyo.  Magana gare ni a kan yaran da Allah Ya ba ku amana, kuma a kan abu biyu take: jikinsu da bakinsu. Kowanne yana da lokacin da yake karɓar horo cikin sauƙi, in lokacin ya wuce sai an sha wahala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bari in fara da jiki. Ɗana, ka taɓa tsayawa ka kalli yara a kan yashi bayan an ɗauke ruwa? Sai ka ga ɗaya ya ja da baya, ya sheƙo a guje, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ƙafafu su yi sama, ya dira a tsaye yana kakkaɓe rairayi daga ƙeya. Ƙanensa ya gwada, ya zube ta gefe, ya tashi yana dariya ya sake. Ana cikin haka sai babba ya zo wucewa ya daka musu tsawa: "Kai, ku tashi nan, za ku karye!" Su watse, wasa ya mutu.

Wannan alkafura da muke kora, wasu ƙasashe makaranta suka gina mata. A Jamus, tun 1811 wani malami mai suna Friedrich Jahn ya buɗe fili a Berlin inda matasa ke koyon tsalle, lilo da lanƙwasa jiki. Wasan yana cikin gasar Olamfik tun da aka farfaɗo da ita a 1896. A 1976, a birnin Montreal, yarinya 'yar shekara 14 daga Romaniya, Nadia Comaneci, ta ci cikakken maki goma a cikinsa. Nijeriya kuwa ba ta samu wakili a wannan fanni ba sai a gasar Tokyo da aka yi a 2021, inda Uche Eke ya fita da sunanta. Ban ce ka yi wa ɗanka burin Olamfik ba. Ina so ne ka san abin da kake hanawa abu ne mai daraja, wanda likitoci ma suke kira a yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 kullum yana motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga, kuma sau uku a mako ya yi abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi, irin su tsalle da ɗaga jiki da hannu. Ƙanana 'yan shekara 1 zuwa 4 kuwa, ta ce su samu minti 180 na motsi iri-iri, a rarrabe cikin yini. Dalilin a fili yake. Mafi yawan ƙwarin da ƙashin mutum zai yi, a ƙuruciya da tashen balaga yake tara shi, kuma duk dirar da yaro ya yi daga tsalle, ƙashin ƙafarsa yana ƙara cika. Yaron da ya saba juyi da tsayuwa da ƙafa ɗaya ya san yadda zai faɗi bai ji ciwo ba. Yana cin abinci da marmari, yana barci mai nauyi, in ya zauna gaban allo hankalinsa ya fi tsayawa wuri ɗaya.

Na san abin da za ka ce: "Baba, ai yaronmu na ƙauye ba ya zama. Ga noma, ga kiwo, ga ɗiban ruwa." Gaskiyarka, kuma aiki tarbiyya ne, kada ka fasa sa shi. Sai dai aiki daban, wasa daban. Jarka mai lita 25 in ta cika, nauyin ruwanta kilo 25 ne, kuma a kan wuya da ƙashin bayan da bai gama ƙwari ba ake ɗora shi. Duƙon noma gaɓoɓi kaɗan yake sa aiki, a yanayi ɗaya, tun safe har rana. Wasa shi ke miƙar da abin da aiki ya ƙanƙance. Ga shi kuma zamani ya sauya. Waya ta shigo har ɗaka, gidan kallo ya janye samari, rashin tsaro ya sa iyaye da yawa ba sa barin yara su fita dandali da dare kamar da. Motsin da mu muka samu a ɓagas, su sai an shirya musu.

Ba ka bukatar sayen komai, domin kakanninmu sun bar mana gado. Langa tana koya wa yaro riƙe jikinsa a kan ƙafa ɗaya alhali ana ture shi. Kokawa tana gina kafaɗa da ƙugu, tana koya wa wanda aka kayar ya tashi ba gaba. 'Yar gala-gala da tsallen igiya da gaɗa suna yi wa 'ya mace irin wannan aiki. Addini ma bai hana ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma malaman tarihi sun kawo labarin kokawarsa da Rukana.

Ga yadda za ku yi. Ku zaɓi wuri mai laushi, a zuba yashi, a tsince ƙaya da kwalba da dutse. A yi da sanyin safiya ko bayan la'asar, ban da tsakar ranar bazara, ban da lokacin da ciki ke cike. A fara da ɗan gudu da miƙa har jiki ya yi ɗumi. A bi mataki: mirgina a ƙasa tukuna, sannan tafiya a kan layin da aka ja, sannan tsayuwa da hannu jingine da bango babba na riƙe da ƙafa, alkafura ta zo daga baya. Kada a bari yaro ya ɗora nauyinsa a kan wuya, kada ya diro daga katanga ko reshe don burge abokai. In ya ce da zafi, a tsaya. Mai zazzaɓi ya huta har ya warke, mai sikila ko asma a ji ta bakin ma'aikacin lafiya kafin ya shiga.

'Yata, ke nake roƙo a kan 'ya'ya mata. Da yarinya ta kai shekara takwas ko tara, sai tsalle ya zama abin kunya, daga tallar safe sai wanke-wanke. Alhali jikin nan nata shi zai ɗauki ciki ya yi goyo nan gaba, ya fi kowa bukatar ƙashi mai ƙwari. Tsakar gida ta isa fili. Ta sa wando da riga mai sutura, ta tara ƙawayenta, ki zauna kina tsinkar zogale kina kallonsu. Kuma ki tuna ba a wasa da yunwa. Wake, gyaɗa, awara, nono, ganye, da ƙwai in ya samu, su ne ke gina jikin da wasa zai ƙarfafa. Kada a kwashe ƙwan gida duka a kai kasuwa yaro bai ga ko ɗaya ba.

Yanzu sai maganar baki. Ɗana, ɗauko kwalbar maganin feshin da ka sayo don gonar wake, ka juya bayanta. Ƙananan rubutun nan suna faɗin murfi nawa za a zuba a ruwa, kwana nawa za a jira kafin a ci amfanin, da abin da za a yi in ya fantsama a ido. Galibi da Turanci aka rubuta. Haka takardar maganin da ka karɓo daga asibiti, haka saƙon banki da ke shigowa wayarka, haka takardar da ake miƙo maka a ce sa hannu nan. Magidanci da gemunsa ya tashi ya nemi wanda zai karanta masa sirrinsa, in ya haɗu da na kirki ya tsira, in ya haɗu da macuci ya yi asara. Wannan halin nake ƙi wa jikokina.

Ga kuma jarrabawa. Yaro ya iya lissafi, ya iya kimiyya, in bai samu kiredit a Turanci a WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'a ba ta buɗuwa. A JAMB ma Turanci dole ne ga kowa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, Jami'ar Tarayya tana Dutsinma, makarantar koyon aikin lafiya tana nan Kankiya kusa da ku. Muna kukan ba mu da mata ma'aikatan jinya da za su duba matanmu, alhali yarinyar da za ta zama hakan tana cikin gidanka.

Har yanzu akwai mai jin cewa Turanci yana raba yaro da addininsa. Ku tuna da Zaidu ɗan Sabit. Manzon Allah da kansa ya umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa. Wannan Zaidun ne Sayyidina Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani. Harshen baƙi bai rage masa komai ba. A gida ma muna da shaida. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ta yi suna wajen koyar da Turanci, kuma ba ta raba karatu da wasa ba. A can Sardauna Ahmadu Bello ya ƙware a wasan nan na buga ƙaramar ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda har yau ana yin sa a Katsina. Abubakar Tafawa Balewa, da ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 ya yi jawabi da Turanci, shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Abubakar Imam, ɗalibin kwalejin shi ma, ya bar mana Magana Jari Ce, ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939.

Ku lura da mutanen nan: Hausarsu ta zauna daram kafin Turanci ya hau kai. Bincike ma haka ya nuna. Daga 1970, Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun gwada koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, a fannoni da dama ma sun fi su. Don haka kada ka hana ɗanka Hausa a gida don ya iya Turanci, kada ka yarda a doke shi a makaranta don ya yi Hausa. Ya ji tatsuniya a bakin kakarsa, ya je makarantar allo, ya iya karanta Hausa da rubuta ta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin daɗi shi ne, waɗannan abubuwa biyu suna shiga tare. Wani masani ɗan Amurka, James Asher, ya fito da hanyar koyar da harshe ta motsin jiki tun shekarun 1960. Malami ya faɗi umarni da sabon harshen, ya aikata a gaban yara, su kwaikwaya. Ba a tilasta musu magana sai kunnensu ya saba, kamar yadda jariri ke jin "zo" da "kawo" tun bai iya furtawa ba. To, a filin yashin nan, wani yayansu ɗan sakandare ya tsaya ya ce a yi tsalle da Turanci, ya yi, su yi. Ya ce a zauna, a juya, a taɓa gwiwa, a ɗaga hannun dama. A ƙirga tsallen igiya da Hausa a zagaye na farko, da Turanci a na biyu. Kalma biyar a mako ta isa, in dai ana maimaita na baya. Yaron da ya ji kalma yana cikin dariya da gumi ba ya saurin manta ta, kuma ba ya jin tsoronta ranar da ya gamu da ita a littafi.

Ku kiyayi abu biyu. Na farko, ba'a. Yaro ya buɗe baki ya gwada, sai a kwashe da dariya a ce "Bature ya iso." Daga ranar ya kulle bakinsa. Ko kai ba ka ji abin da ya faɗa ba, ka ce masa madalla. Na biyu, karatun aku. Wani yaron zai rera maka shafi guda da ka, bai san ma'anar layi ɗaya ba. Gwajin mai sauƙi ne, kuma ba sai ka yi boko ba: in ya gama karantawa, ka ce ya faɗa maka da Hausa abin da littafin ya ce. In ya iya, karatu na shiga. In ya yi shiru, ka je makaranta ka ga malaminsa cikin mutunci, ku yi shawara.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kai maganar gaban mai unguwa da liman da shugaban makaranta. A taron iyaye da malamai, ku tambaya ko ana fitar da yara darasin motsa jiki, ko kuwa a takarda kawai yake. Ɗalibanku da ke dawowa hutu daga Katsina da Dutsinma da Kano, ku roƙe su su ba ƙannensu awa ɗaya da yamma, sadaka ce mai gudana. Kai kuma uba, ko sau ɗaya a mako ka zo ka tsaya a bakin fili. Yaro in ya ga idon mahaifinsa a kansa, ƙoƙarinsa ninkuwa yake.

Abin da na roƙe ku ke nan, 'ya'yana, kuma ku fara a wannan makon. Allah Ya raya mana su bisa tafarkin addini, Ya ba su lafiya da ilimi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ku kuma Ya ba ku ikon sauke amana.