Kaɗin da Ba a Kai Shi Kasuwa: Aiki ne ko Wasa?

Ya 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata tambaya da ta tsaya mini a rai tun hutun da ya wuce. Na juya ta na juya, har dai na ga ba abin da ya fi sai in kawo ta gabanku, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wadda ta yi mini tambayar kuwa kakata ce, wadda muke kira Iya, a garinmu Tsiga ta ƙasar Bakori, can kudancin Jihar Katsina.

Ga yadda abin ya faru. Tun ina sakandare na koyi saƙar kwarashi. A nan jami'a, in karatu ya ishe ni, sai in ɗauko ulu in yi ta saƙa hulunan jarirai da safa, don dai in sami sararawa. Ba na sayarwa, kyauta nake yi da su. To, da na je gida na tarar yayata ta kusa haihuwa, sai na yi niyyar saƙa wa jaririn hula. Ina cikin neman wani abu a ɗakin Iya sai na ci karo da wata tsohuwar taskira a ƙarƙashin gado, cikinta da mazarai uku da gululunsu, da bakan shiɓa, da guntun alli. Nan take sha'awa ta kama ni, na ce a raina, me zai hana in kaɗa zaren hular nan da kaina daga audugar gonarmu?

Na ce, "Iya, don Allah ki koya mini kaɗi."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke 'yar nan, kuɗin makarantar ne suka gagara?"

Na ce, "A'a, Iya, sha'awa ce kawai."

Sai ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Sha'awa! To, kishiya, gaya mini. Kaɗin da ba a kai shi kasuwa, aiki ne ko wasa? In kuwa wasa ne, da wahalar wa kike wasa?"

Ban sami amsa ba a ranar. Amma duk da haka ta koya mini. Da farko akwai gurza, watau a ɗora audugar a kan magurji a murza ta da siririn ƙarfe har angurya ta fita. Sa'an nan sai shiɓa, a riƙa fizgar tsirkiyar baka a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi, a nannaɗe ta a jikin ɗan kara. Daga nan ne za a zauna kaɗi: hannun hagu a sama yana riƙe da audugar, na dama yana murza mazari a cikin ɗan ƙoƙo, ana yi ana dangwalar alli don kada yatsu su yi santsi. Abin da ake kaɗawa iri biyu ne. Akwai zare, siriri mai ƙarfi, shi masaƙi yake yin wadari da shi. Akwai kuma abawa, mai kauri da taushi, ita ce ƙoshiya take ratsawa da ita. Sai a ranar na gane abin da muke nufi in mun ce wani ya warware mana zare da abawa, alhali kuwa na sha rubuta wannan magana a takardar jarrabawa.

Kwana uku na farko ban sami ko kamu ɗaya ba tare da ya tsinke ba. Kafaɗata ta hagu ta riƙe, yatsuna suka yi zafi. Iya kuwa, da ta karɓi mazarin don ta nuna mini, sai na ga zaren yana fitowa sumul, ita ko kallonsa ba ta yi, tana ta hira abinta. A cikin hirar ne ta ba ni labarin yadda suke yi a zamanin amarcinta. Bayan an ci tuwon dare, matan gida su taru a ɗaki ɗaya, ga fitilar aci-bal-bal, ana kaɗi ana yi wa yara tatsuniya har dare ya raba. Ranar kasuwa a ba dillaliya, masaƙa su saya. Da kuɗin kaɗi ta shiga adashi, da su ta sayi akuyarta ta fari, da su take yin biki, da su kuma ta tara tasoshin da aka jera wa mahaifiyata. Kuɗin nata ne na kanta, maigida ba shi da iko a kansu. Amma fa ta ce da kaɗin nan ne idonta ya fara raunana, kuma akwai dare da yawa da barci yake fizgarta ba ta da halin ajiye mazari, domin gobe akwai zubin adashi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramar sana'a ce ta tsofaffin ƙauye. A 1851, lokacin da Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da ake saƙawa ana rinawa ana kai su har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. To, kowace riga da kowane rawani da raƙuma suka ƙetare Sahara da su, daga mazarin wata mata suka fara, a wani ɗaki da ba wanda ya rubuta sunansa. Muna yabon marinar Ƙofar Mata da turkuɗin Kura, mun mance da mai kaɗi. Ko a littafin nan na Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a 1949 zuwa 1950 aka buga a 1954, za ka ga kaɗi yana cikin abin da mace take riƙe kanta da shi.

Sa'an nan zamani ya juya. A 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA a Manchester ta Ingila, don samar wa masaƙun Lancashire auduga daga ƙasashen da Turawa suka mallaka. Da jirgin ƙasa ya isa Kano sun zaci auduga za ta yi ta kwarara, sai manoman can suka karkata ga gyaɗa, masaƙan gida kuma suna sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature. Saboda haka aka mai da hankali ga ƙasar Zazzau da kudancin Katsina. Aka kawo irin audugar Amurka mai suna Allen, aka kafa gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka ja layin dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Audugarmu ta riƙa tafiya fuloti, daga can ta wuce teku, ta komo mana a matsayin yadi. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu suka biyo baya, zaren inji ya cika kasuwa da araha. Sannu a hankali mazarai suka koma ƙarƙashin gado. Daɗin daɗawa, su ma masaƙun ba su ɗore ba. An rushe hukumar cinikin auduga a 1986, Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Yau ɗan manomin auduga gwanjo yake sawa, ko yadin da aka saƙa a ƙasar Sin.

Da na komo makaranta na kawo tambayar Iya gaban ƙawayena biyu. Ta farko ta ce, ai ba sai an wahalar da kai ba, wasa ne, kuma wasan 'yan gata. Hujjarta ita ce, Allah ya kawo sauƙi, inji yana yin abin da mace ɗari ba za su yi ba, in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Ta ce wanda ya ƙoshi ne yake sha'awar abincin talaka, kuma akwai rashin kunya a ce yarinya mai wayar hannu ta zauna tana kwaikwayon talaucin kakarta don nishaɗi. Lalle maganarta ta sosa mini rai, domin akwai gaskiya a cikinta. Ni in na gaji sai in ajiye mazari in kwanta. Iya ba ta da wannan dama.

Ta biyu kuwa cewa ta yi, ai wannan aikin kishin al'ada ne, kamata ya yi a farfaɗo da kaɗi a kowane gida. Ta kawo misalin Gandhi na Indiya, wanda tun daga shekarun 1920 ya riƙa kiran mutanensa su yi kaɗi kullum su sa tufafin hannunsu, don su karya cinikin yadin Ingila. Wannan ma magana ce mai daɗin ji, amma na kasa karɓarta duka. Gandhi yana da abokin gaba a fili, kuma kaɗi makami ne a hannunsa. Mu kuwa in muka ce matan Tsiga su koma ga mazari su yi gasa da inji, mun tura su ga asarar ido a banza, mu muna zaune a ɗakin karatu muna yabon al'ada. Al'adar da mai yabonta ba shi ne mai ɗaukar nauyinta ba, a yi hattara da ita.

To, ni ina na tsaya? A ganina dukansu biyu sun auna aiki da mudun kasuwa ne kawai: ɗaya ta ce ba riba, a bari, ɗaya ta ce a nemo masa riba. Amma tun asali mutanenmu ba su tsaya nan ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana tufkar igiya da hannunsa, alhali yana da dubban almajiran da za su so su ɗauke masa kowace bukata. Ashe ke nan aikin hannu yana da wani amfani ga mai yinsa, ban da kuɗin da yake kawowa. Yana karya girman kai, yana koyar da haƙuri, yana kuma sanar da mutum darajar abin da yake amfani da shi. Haka nan a Suratun Nahli, aya ta 92, da aka tashi yi mana gargaɗi a kan warware alkawari, sai aka buga misali da matar da take warware kaɗinta bayan ya yi ƙarfi. Wanda bai taɓa kwana yana kaɗi ba zai fahimci ma'anar ayar, amma nauyin wautar matar nan sai wanda kafaɗarsa ta taɓa riƙewa.

Ni kam abin da na ƙaru da shi ke nan. Kafin in riƙe mazari, zane a wurina kuɗi ne kawai, in ya tsufa a yar. Yanzu in na ga tsohon gwado ko saƙi a ɗakin wata tsohuwa, darare nake gani. Kuma in na ga atamfa mai araha, nakan tambayi kaina ko wace ce ta tsaya a gaban inji a wata ƙasa, nawa kuma aka biya ta.

Saboda haka amsata ga Iya ita ce: kaɗina ba sana'a ba ne, kuma zai zama ƙarya in kira kaina abokiyar wahalarta. Amma ba zai zama wasa da wahalarta ba matuƙar na cika sharuɗɗa biyu. Na farko, in faɗi gaskiya game da shi, kada in shafa masa zuma. In na ba da labarin hirar dare da tatsuniya, in haɗa da raunin ido da zubin adashi. Na biyu, in tuna cewa babbar asarar da aka yi ita ce ta abin da mazarin yake ba mace, watau kuɗin hannunta da ba sai ta roƙa ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. An karɓe wa matan karkara wannan gatari, wasu sun sami madadinsa a ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula da kiwo, wasu kuwa har yau hannunsu wayam. Ɗalibar da ta iya zama ta kaɗa zare don nishaɗi, amma ba ta taɓa tambayar da me matan garinsu suke zubin adashi a yau ba, ita ce mai wasan da Iya take nufi. Wannan bashi ne a kanmu, mu da aka sayar da akuya aka kai mu makaranta.

Ita kuwa hular, mako uku na yi kafin in tara abawar da za ta isa, na murɗa ta biyu don ta yi ƙarfi, sa'an nan na saƙa ta da kwarashi a kwana biyu. Ba ta yi kyan ta ulu ba, wani wuri kauri wani wuri siriri. Ranar suna Iya ta karɓe ta, ta juya ta, ta ja bakinta ta ga ko za ta warware. Ta ce, "Da a zamaninmu ne, ko anini dillaliya ba za ta samo miki ba." Sa'an nan ta sa wa jaririn da hannunta, ta cire masa ta kanti. Da zan komo makaranta na tarar ta sa mini mazari ɗaya da guntun allin a cikin jakata, ba ta ce mini kome ba.

Tambayarta dai tana nan, na kuma miƙa ta gare ku, domin na san kowannenmu akwai wata taskira a ƙarƙashin gadon gidansu: wani ƙira, wani jima, wani dukanci. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya ba mu ikon sanin darajar guminsu. Amin.