Tsufan da Ake Gani a Lamba

Kakar wasa ta ƙare, an ɗaga kofi, mai riƙe da na'ura ya danna maɓalli ya shiga lokacin hutu. Nan take allo ya jero masa 'yan wasansa, kowa da lambarsa. Idonsa ya sauka kan wanda ya ɗauko tun yana ɗanyen saurayi, wanda ya ciyo masa kofuna: gudunsa ya ragu, ƙarfin jifarsa ya ragu, albashinsa kuwa yana nan daram. Babu jini, babu tsoka, lissafi ne kawai. Duk da haka sai ka ga mutum ya yi jugum, ya kasa danna wurin da aka rubuta sallama.

Wannan yanayi sananne ne ga masu buga Madden NFL, wasan kwamfuta na ƙwallon ƙafar Amurka da kamfanin Electronic Arts ya fara fitarwa a 1988 da sunan koci John Madden. Tun daga fitowar 1998 aka saka masa tsarin da mutum zai riƙe ƙungiya kaka bayan kaka, yana saye, yana sayarwa, yana kallon yaransa suna girma. Kowane ɗan wasa yana da maki da ba ya wuce 99. Da shekaru sun ja, makin ya fara zubewa, har ranar da sunansa zai fito cikin jerin waɗanda suka yi ritaya.

Tsarin da kansa ba baƙo ba ne ga mai karatun Alƙur'ani, domin aya ta 54 a Suratur Rum ta bi da ɗan Adam ta rauni, ta kai shi ƙarfi, ta dawo da shi rauni da furfura. Abin da na'ura ta ƙara shi ne sani. Ta yaye labule, ta rubuta raunin a lamba tun mai shi bai ji a jikinsa ba. To wanne ya fi zama rahama ga mutum, ya ga ƙarshensa yana tahowa ko a ɓoye masa?

A filin gaske babu mai ganin lambar. Peyton Manning ya yi jifa 55 da suka kai ga ci a kakar 2013, bajintar da ba a taɓa yi ba, kuma bayan tiyatar wuya da ta hana shi wasa a 2011 gaba ɗaya. Bayan shekara biyu kacal, a 2015, jifa 9 ya ci, abokan hamayya suka cafke masa 17. Hannun ya mutu murus. Da a kwamfuta ne, duk mai hankali zai sallame shi tun kafin kakar ta fara. Amma a wannan kakar ce ƙungiyarsa Denver Broncos ta ɗauki kofin Super Bowl, masu tsaron baya suna ɗauke da nauyin, Manning yana lallaɓawa da ƙwarewa da sanin ya kamata. Ya ajiye wasa a watan Maris na 2016 yana da shekara 39.

Tom Brady kuwa ƙaryata lissafin ya yi ta ɗaya gefen. Na 199 aka zaɓe shi a zaɓen sabbin 'yan wasa na shekarar 2000, lokacin da ƙungiyoyi suka gama kwashe waɗanda suke so. Ya ci kofi na bakwai da Tampa Bay Buccaneers a Fabrairun 2021 yana ɗan shekara 43, shekarun da sa'o'insa sun daɗe da komawa sharhi a talabijin. Ya sanar da ritaya a 2022, kwana 40 ya dawo, ya sake sanarwa a 2023. Wannan kai-komo ya fi kofunan nuna inda matsalar take: mutumin da ya fi kowa iya karanta fili ya kasa karanta kansa.

Akwai kuma masu tafiya tun rana ba ta yi ba. Barry Sanders na Detroit Lions ya aika wa jaridar garinsu, Wichita, takardar barin wasa a Yulin 1999, alhali yadi 1,457 kawai ya rage masa ya kamo tarihin Walter Payton. Andrew Luck ya bari a 2019 yana da shekara 29 saboda raunuka sun ishe shi, magoya bayansa a Indianapolis suka raka shi da ihun tir. Na'ura tana iya jefa ƙuri'a ta ce wane ya yi ritaya da wuri, amma gajiyar zuciya ba ta cikin makin da take ƙirgawa.

Abin mamakin yana wurin masu wasan. Mai riƙe da na'ura yana da ikon da babu kocin da ya taɓa samu: zai iya buɗe shafin gyara, ya mayar wa tsohonsa gudun ƙuruciya. A gasannin da abokai ke rabon ƙungiyoyi 32 ta intanet, da yawa sun haramta wannan, suna ɗaukarsa maguɗi. An ba su duniyar da tsufa bai zama dole ba, su da kansu suka mayar da shi dole, don sun lura kofin da aka ci da ɗan wasan da ba ya tsufa ba shi da daɗin faɗa.

Sai dai sanin lambar yana sa mutum ya zama ɗan kasuwa. Mai wayo yakan sayar da tauraronsa shekara ɗaya kafin faɗuwar, ya karɓi matasa a madadinsa, kuma lissafi yana bayansa. Wani kuma sai ya ƙi. Ya sabunta wa tsohon kwantiragi, ya zaunar da shi a benci, ya riƙa sako shi a mintocin ƙarshe idan nasara ta tabbata, har ranar da allo zai nuna sunansa cikin masu tafiya.