Toka a Goshi, Bashi a Wuya



Ranar Laraba ta Toka coci kan cika maƙil, har da waɗanda rabonsu da sujada tun Kirsimeti. Kowa ya bi layi, Fada ya dangwalo toka ya zana masa gicciye a goshi, ya tuna masa inda ya fito da inda za shi. Ganyen dabinon da muka ɗaga bara muna murna, shi aka ƙone ya zama tokar nan. Kafin la'asar gumi ya wanke ta. To, sai me?

Azumin da ke farawa ranar nan kwana arba'in ne, irin na Yesu a jeji, da na Musa a Dutsen Sina'i. Wanda ya ƙirga daga Laraba ta Toka zuwa jajiberin Ista zai samu 46, amma ba a lissafa Lahadi shida da ke ciki. Dokar Katolika kuwa sananniya ce: daga shekara 14 a bar nama ranar Toka da kowace Jumma'a, daga 18 zuwa 59 a yi azumi ranar Toka da Jumma'a Mai Kyau.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Gida nawa ne a Zonkwa, ko Kafanchan, ko ƙauyukan Malumfashi, ake ɗora tukunyar nama kowace Jumma'a? Talaka ya daɗe da barin nama ba tare da sanarwar coci ba. Mai hali kuwa sai ya ture naman gefe ya jawo farfesun tarwaɗa, wanda ya fi shi tsada, ya share baki ya ce ya kiyaye doka. Wa ake yi wa wayo? A sura ta 58 ta littafin Ishaya, mutane sun yi gunaguni cewa Allah bai kula da azuminsu ba, aka nuna musu ma'aikatan da suke zalunta a ranar azumin, da mayunwacin da ke ƙofarsu. Kuɗin naman da kuka fasa saya, idan ya kwana a aljihunku, tattali kuka yi kawai.

Ku dubi lokacin ma. Ista ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, saboda haka a ƙasarmu azumin yakan kai mu cikin bazara, sa'ad da rumbu ya fara nuna gindi, hatsi ya hau, rijiya ta ja baya. Gwauruwar da ke zama bayanku a coci ba ta rasa wa'azi ba. Mudun masara ta rasa.

Sai batun tuba, inda muka fi zamewa. Zuwa wurin Fada a furta zunubi abu ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai Zakka na Yariko, da Yesu ya sauka a gidansa, bai tsaya ga nadama a baki ba: rabin dukiyarsa ya ware wa matalauta, ya kuma ɗauki alkawarin biyan duk wanda ya cuta ninki huɗu. Mu fa? Akwai mai awo da ya buga gindin mudunsa ya lotsa. Akwai wanda ya ci iyakar gonar marayun ɗan'uwansa da kunya biyu, yana jiran damina ya ƙara ta uku. Akwai uwar adashi da ta cinye zubi, da uwar gidan da ta riƙe albashin 'yar aikinta wata uku, kuma ita ce ke ba da waƙa ranar Jumma'a a Hanyar Gicciye. Akwai 'yan ɗaki ɗaya da suka shekara biyar ba sa ga maciji saboda gado, ranar Lahadi kuma su miƙa wa baƙo hannun salama su tsallake juna. Kowa ya san nasa.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna gani. A 2025 Ramadan ya kama ranar 1 ga Maris, namu ya biyo ranar 5, muka yi ta jin yunwa tare cikin zafi ɗaya. A unguwanni da yawa kunu da ƙosai sun tsallako katanga da magariba. Kowane gida ya tambayi kansa abin da ya zuba a kwanon kafin ya mayar.

Daren Asabar ɗin Ista za a hura wuta a ƙofar coci, a kunna babban kyandir, Halleluyar da aka yi makonni ba a rera ba ta dawo. Kafin nan akwai sauran kwanaki. Mai mudu ya kai wa maƙeri ya miƙe masa gindinsa. Mai gona ya kira dattawa a mayar da dutsen iyaka tun ruwa bai sauka ba. Uwar gida, 'yar aikinki tana tsakar gida yanzu haka tana wanke-wanke, kira ta ki ƙirga mata kuɗinta a hannu.